Ƙarya da Yaudarar Kai a Labaran Almara: Ina Ƙage Ya Tsaya, Ina Ƙarya Ta Fara?

Labaran yaƙi da aljanu da matsafa sun daɗe a cikin littattafan Hausa, amma wayar hannu ta ƙara musu kasuwa. Littafin da a da sai an je shagon mai haya kafin a same shi, yanzu ana tura shi shafi-shafi ta WhatsApp, ana karanta shi da murya a YouTube, ga kuma finafinan ƙasashen waje da ake ɗora wa muryar Hausa, waɗanda yara ke taruwa a kansu a unguwannin Katsina da Daura. Wannan yawaita ta sake tayar da tsohuwar muhawara tsakanin iyaye da malaman makaranta da su kansu marubutan. Wasu na ganin labarin da aka gina a kan takobin tsafi da birnin aljanu ƙarya ce tsagwaronta, kuma yaron da ya saba da ita zai tashi yana raina gaskiya. Wasu kuma na ganin babu wani nau'in adabi da ya tona asirin maƙaryaci kamar wannan.

Abin da ke hana a fahimci juna shi ne, tambayoyi biyu ake haɗawa a amsa da baki ɗaya. Ta farko ita ce ko labarin kansa ƙarya ne. Ta biyu ita ce dalilin da ya sa irin waɗannan labarai, tun daga tatsuniyoyin Gizo har zuwa manyan littattafan Turawa, suka cika da maƙaryata da masu ruɗin kansu, da kuma abin da labarin ke nuna wa mai karatu game da su. Ta farko ta fi jawo hayaniya, amma ta biyu ta fi nauyi.

## Ƙage daban, ƙarya daban

Ƙarya ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, da nufin mai sauraro ya ɗauka haka ne. Sharuɗɗa biyu ke nan: sanin mai magana, da nufinsa na a gaskata shi. Ƙagaggen labari ya cika sharaɗin farko, bai cika na biyu ba, domin mai shi yana sanar da jama'a tun kafin ya fara. Tsohuwar da ta ce wa jikokinta "Ga ta nan, ga ta nanku," suka amsa da "Ta zo mu ji ta," ta ƙulla yarjejeniya da su cewa abin da zai biyo baya ba labarin unguwa ba ne. In ta gama takan rufe da "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," ta mayar da yaran duniyar da suka baro. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan al'ada ba. Lukiyan, wani marubucin ƙarni na 2 da ya yi rubutu da Girkanci, ya tsara labarin tafiya zuwa duniyar wata, kuma a gabatarwarsa ya ce gaskiya ɗaya da zai faɗa ita ce ƙarya yake shirgawa. A 1817 mawaƙin Ingila Coleridge ya bayyana rabon mai karatu a cikin yarjejeniyar: shi ne ya ajiye shakkarsa da gangan na ɗan lokaci don ya ji daɗin labarin.

Almara reshe ce ta ƙagaggen labari, wadda duniyarta ke tafiya a kan ƙa'idojin da ba na duniyarmu ba. Dabbobi na magana, zobe na ɓatar da mai shi daga idon mutane, tafiyar shekara ana yin ta a dare ɗaya. A nan akwai wani bambanci da masu nazarin Turawa ba su cika damuwa da shi ba, amma yana da muhimmanci ga mai karatu Musulmi. Samuwar aljanu da sihiri ba almara ba ce a wurinsa, domin Alƙur'ani ya ambace su. Abin da marubuci ya ƙaga shi ne sunan sarkin aljanun da yawan rundunarsa da fasalin birninsa. Saboda haka iyakar da ke tsakanin abin da aka yi imani da shi da abin da aka ƙaga ta fi siranta a labarin Hausa, kuma damuwar iyaye tana da tushe a nan.

Yaudarar kai kuwa ita ce inda maƙaryacin da wanda aka yi wa ƙaryar suka zama mutum ɗaya. Mai ita ba jahili ba ne, domin hujja tana gabansa. Kawar da kai yake yi, saboda amincewa da hujjar za ta raba shi da wani abin da yake so: mulki, ko dukiya, ko kyakkyawan zaton da yake yi wa kansa.

## Abin da aka gada a gida

Gizo ƙaramar halitta ce a tsakanin manyan dawa, ba shi da ƙarfin zaki ko girman giwa, don haka bakinsa ne makaminsa. A sananniyar tatsuniyar nan ya karɓi abinci wurin giwa da sunan dorina, ya karɓa wurin dorina da sunan giwa, ya yi wa kowace alkawarin doki. Da lokacin biya ya yi, sai ya ba kowace bakin igiya ɗaya ya ce dokin na ɗaure a ɗaya bakin. Suka yi ta ja, kowace na mamakin ƙarfin dokinta, babu wadda ta yi tunanin bin igiyar ta ga abin da ke ƙarshenta sai da suka jigata. Wanda ya saurari tatsuniyoyin Gizo da yawa zai lura cewa ba safai yake ƙirƙiro wa mutum sha'awa ba. Yakan nemo wadda ke zuciyarsa ne ya yi mata ado. Kura, wadda ta fi kowa shan wuya a hannunsa, kwaɗayinta ne ke gama rabin aikin kafin Gizo ya buɗe baki. Shi kansa bai tsira ba: a tatsuniyarsa da hankaki, waɗanda suka ara masa fuka-fukai ya bi su kan ɓaure a tsakiyar ruwa, handamarsa ce ta sa suka karɓe gashinsu suka bar shi a can.

Tarihin baka ma yana ɗauke da wannan jigo, ko da yake ba a sa shi a layin almara. A yawancin ruwayoyin Bayajidda, da gari ya waye aka ga an kashe macijin rijiyar Kusugu, wanda ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin. Masu da'awa suka yi ta fitowa, amma babu wanda ya iya kawo kan macijin sai baƙon da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana. A Katsina kuma an ce Sarki Sanau ba ya kayuwa a kokawa saboda asirin da ke jikinsa, kuma Korau bai yi galaba a kansa ba sai da aka ci amanar Sanau daga cikin gidansa. Ruwaya ta farko ta sa hujja a gaban iƙirari. Ta biyu ta nuna mai ƙarfin da ya tsare kansa daga kowa ban da wanda ya ƙi ya zarga. Duka fasalolin biyu suna nan a littattafan yaƙi na yau, inda sadaukin da ƙarfe ba ya cin jikinsa yakan faɗi ta hannun amininsa ko matarsa.

## Gasar 1933 da marubutan Katsina

Muhawarar ta girmi wayar hannu da nisa. A 1933 Rupert East, wanda ke kula da hukumar fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kuma daga baya ya rubuta cewa ya sha wahala kafin malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi, domin suna ɗaukarsa abin mata da yara. Cikin littattafai biyar da gasar ta haifar, biyu na wa da ƙane ne 'yan asalin Kagara waɗanda suka yi koyarwa a Katsina: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Duka biyun almara ce, kuma duka biyun suna wasa da gaskiya ta hanyoyi mabambanta.

Tauraron Ruwan Bagaja, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, manufa mai kyau, amma hanyarsa cike take da damfara, musamman tsakaninsa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Wurin da ya fi bayyana jigon shi ne inda Alhaji ya sauka a wani gari na marasa karatu ya mai da kansa babban malami. Da Zurƙe, wanda ya fi shi sani, ya ƙalubalance shi a gaban jama'a, sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffan da zanen ya yi kama da su, Alhaji na cewa a'a, daga ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne. Mutanen gari, waɗanda ba su san harafi ba amma sun san wata, suka goyi bayan Alhaji, aka kori mai ilimin. Abin lura shi ne Alhaji bai tilasta wa kowa ba. Ya ba su amsar da ta sa su ji cewa su ma masana ne, su kuma suka karɓa da hannu biyu, domin amsar Zurƙe tana tuna musu jahilcinsu. Rabin ƙaryar daga bakinsa ta fito, sauran rabin su suka cike wa kansu.

Akwai wani abu kuma da ake yawan wucewa a aji. Duk abin da mai karatu ya sani game da wannan tafiya, daga bakin Alhaji Imam ya ji shi, domin shi ne ke ba da labarin da kansa. Mutumin da ya amsa cewa ya ruɗi garuruwa shi ne shaida ɗaya tilo a kan abin da ya faru. Sai a 1961 wani manazarcin Amurka, Wayne Booth, ya ba irin wannan mai ba da labari suna a fagen nazari, wato wanda ba a dogara da maganarsa, amma dabarar tana cikin littafin da aka buga a 1934.

Ganɗoki ya fi kusa da yaudarar kai. Tauraronsa mayaƙi ne da ya fafata da Turawa lokacin da suke cin ƙasar Hausa, kuma wannan sashe yana tafiya a kan wurare da yaƙe-yaƙe na tarihi. Bayan an ci su da yaƙi sai labarin ya tsallaka da shi ƙasashen aljanu, inda babu mai iya tsayawa a gabansa. Ana iya karanta wannan a matsayin jarumta zalla, kuma haka yara ke karanta shi. Ana kuma iya karanta shi a matsayin tsohon sadaukin da bindiga ta karya, wanda ya gina wa kansa duniyar da takobinsa ke da sauran amfani. Littafin bai yanke hukunci ba, ya bar Ganɗoki da kirarinsa.

A Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, Abubakar Imam ya juya lissafin. Maƙaryacin gaske shi ne Waziri, mai fuskar biyayya da zuciyar cin amana. Mai ƙaga labarai kuma shi ne aku, wanda ke riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon da aka ɗana masa. An sa ƙage da ƙarya a fada ɗaya, ɗaya na ceton rai, ɗaya na neman halaka shi, kuma da wuya a sami amsar da ta fi wannan ga malaman da East ya yi fama da su.

## Abin da sihiri ke ƙarawa

Labarin soyayya ko na siyasa ma yana iya ɗaukar maƙaryaci, to me ya sa jigon ya fi kama ƙasa a almara? Dalili na farko shi ne, yaudarar kai a rayuwa ba ta ganuwa, a cikin zuciya take faruwa, almara kuwa tana iya ba ta jiki: zobe, ko madubi, ko inuwa. Dalili na biyu shi ne, marubucin almara shi ke kafa dokokin duniyarsa, don haka yana iya toshe wata ƙofar ƙarya ya ga ta inda mutane za su ɓullo.

Littafin Tolkien na Ingila, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, shi ne misalin da aka fi kawowa. Zoben da labarin ke kewaye da shi mugun abu ne da ba ya ba da umarni, sai dai ya ba kowa hujjar da ta dace da halinsa. Boromir jarumi ne mai son birninsa da gaske, sai ya gamsar da kansa cewa shi don kare jama'a zai yi amfani da zoben, da wannan hujja ya kai ga far wa abokin tafiyarsa. Gollum ya kashe ɗan'uwansa ya ƙwace zoben, sannan ya shafe ɗaruruwan shekaru yana kiransa kyautar ranar haihuwarsa, har maganar ta zauna masa. Denethor, mai riƙon birnin su Boromir, yana duba wani dutsen gani wanda ba ya nuna ƙarya, amma abokin gaba ne ke zaɓen abin da zai gani, sai yawan rundunar maƙiya kawai yake gani har ya yanke ƙauna. Ƙaryar ta ma fita daga cikin labarin ta shiga tarihin buga shi. A bugun farko na The Hobbit, littafin Tolkien da ya gabaci wannan, na 1937, an nuna Gollum ya yarda ya ba da zoben ga wanda ya ci gasar kacici-kacici. A bugun 1951 Tolkien ya sauya wurin, sannan ya bayyana cewa ruwayar farko ƙarya ce da tauraron, Bilbo, ya yi wa abokansa don ya halatta wa kansa mallakar zoben.

Robert Jordan na Amurka, a jerin littattafansa da suka fara fitowa a 1990, ya gwada ɗaya hanyar. Ya ƙirƙiri ƙungiyar mata masu sihiri da suka yi rantsuwar da ke hana bakinsu furta kalmar da ba gaskiya ba. Sakamakon shi ne babu waɗanda ake shakkar maganarsu a wannan duniya kamarsu, domin sun ƙware wajen faɗin gaskiyar da za ta sa mai sauraro ya fahimci akasinta. Wanda ya taɓa sauraron dillali yana yabon gida ba tare da ya ambaci damina ba ya san wannan fasaha. Ursula Le Guin kuma, a littafinta na 1968, ta sa wani matashin masihirci mai girman kai ya saki wata inuwa cikin duniya garin nuna bajinta. Ya gudu daga gare ta, ya dawo yana farautarta, kuma bai rinjaye ta ba sai da ya kira ta da sunansa na kansa.

Yaudarar kai ta taron jama'a ita ma tana da nata labarin. A tatsuniyar Andersen na Denmak ta 1837, 'yan damfara sun ce suna saƙa wa sarki tufar da wawa ko wanda bai cancanci muƙaminsa ba ba zai gan ta ba. Daga fadawa har talakawa kowa ya ce ya gani, kowa na tsoron a ce shi kaɗai ne bai gani ba. A Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka fassara zuwa Hausa tun zamanin mulkin Turawa, Sarki Shahriyar ya ga cin amanar matarsa da idonsa, wannan gaskiya ce. Hukuncin da ya gina a kanta, cewa babu mace mai amana, shi ne ruɗin, kuma da shi ya halatta wa kansa kashe amarya kowace safiya.

## Yadda ruɗin ke aiki

Abin da waɗannan labarai ke nunawa ya yi daidai da abin da malamai da masana halayyar ɗan Adam suka bayyana. Aya ta 9 ta Suratul Baƙara ta siffanta munafukai da cewa ba kowa suke yaudara ba sai kansu, amma ba su ankara ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan ruɗuwa, kuma cikin waɗanda ya lissafa akwai malamai da masu ibada da sufaye da masu dukiya, wato mutanen da ke da abin kirki a hannu da za su fake da shi. Boromir zai shiga wannan jeri ba tare da gyara ba.

A Amurka, Leon Festinger da abokan aikinsa sun bi wata ƙungiya da ta yi imani cewa ambaliya za ta halaka duniya ranar 21 ga Disamba 1954. Da ranar ta wuce lafiya, wasu daga cikin waɗanda suka fi sadaukar da dukiya da aikinsu ba su janye ba, sai ma suka ƙara himmar kira. A 1957 ya bayyana dalilin: idan abin da mutum ya yi imani da shi ya ci karo da abin da ya gani, zuciya takan nemi sauƙi, kuma sau da yawa sauya fassarar abin da aka gani ya fi araha a kan amsa cewa an yi asara. Masanin halittu Robert Trivers ya ƙara da cewa mutum kan ruɗi kansa ne don ya fi iya ruɗin wasu, tun da wanda ya gaskata maganarsa muryarsa ba ta rawa.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu hani suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Suna ƙarawa da ɓata lokaci, da kuma tsoron kada yawan karanta labarin da boka ke biyan buƙata ya sa zuwa wurin boka ya zama ba komai ba a idon matasa. Wannan matsayi ya taɓa samun ƙarfin hukuma: a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, ko da yake na soyayya aka fi nufa.

Masu halattawa da sharaɗi suna cewa hadisin yana magana ne a kan wanda ke gabatar da ƙarya a matsayin abin da ya faru, ba wanda kowa ya san misali yake bugawa ba. Suna nuni da littattafan da malamai suka daɗe suna karantarwa. Maƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ana karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa don ƙwarewa a Larabci, alhali tauraron maƙamominsa 50, Abu Zaid, ɗan damfara ne mai zaƙin baki. Hariri da kansa ya hango zargin, ya kare kansa a gabatarwa da cewa aikinsa kamar labaran da ake sa wa a bakin dabbobi ne, kuma ayyuka suna bin niyya. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, babinsa mafi shahara labarin dila ne da ya shiga tsakanin zaki da sa da annamimanci. Masu nazari sun daɗe da nuna kamannin Alhaji Imam da Abu Zaid.

Akwai kuma masu cewa almara kanta yaudarar kai ce, gudun duniya ce ga wanda talauci ko rashin tsaro ya dama. Tolkien ya amsa wannan a wata lacca ta 1939, inda ya bambanta fursunan da ke neman fita daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen fama.

Idan aka auna, zargin cewa almara ƙarya ce shi ne mafi rauni, tun da yarjejeniyar a fili take. Zargin da ya fi ƙarfi ba a cika ɗaga murya a kansa ba, wato maƙaryacin labari yakan fi kowa farin jini. Yara Gizo suke so, ba Ƙoƙi ba, kuma Alhaji Imam ya koma gida da ɗaukaka. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a labarai da dama ta yi 'ya'yan har an ci. Masu kare almara suna amsa cewa mai sauraro yana yi wa wanda aka damfara dariya ne, kuma wanda ya yi wa kura dariya ya koyi kada ya zama kura. Amsar tana da ƙarfi ga labarin da ya nuna ta inda aka shigi wanda aka cuta. Ba ta da ƙarfi ga labarin da tauraronsa ke cin amana, marubucin kuma na tafa masa.

## Abin da ya shafi jama'a

Ga mai karatu, amfanin da ya fi kusa shi ne gane fasalin damfara. Tsarin MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun 'yan Najeriya a Disamba 2016, kuma da yawa daga waɗanda suka zuba kuɗi sun ji gargaɗin hukumomi kafin nan. Mai cewa aljanu za su ninka kuɗi a cikin ƙwarya da wannan igiya yake ja. Karatun almara ba rigakafi ba ne, masu ilimi da yawa sun faɗa irin wannan rami, amma yana ba mutum tambayar da zai yi wa kansa, wato me ya sa yake son maganar ta zama gaskiya.

Haɗarin da ya fi fitowa fili a yau yana wurin da aka cire wa ƙage alamarsa. Idan aka yanko minti uku daga labarin da ake karantawa da murya, aka tura shi babu sunan littafi babu na marubuci, wanda ya same shi a waya ba shi da hanyar sanin cewa ƙage ne, musamman in an ambaci sunan gari na gaske. A nan sharaɗi na biyu na ƙarya ya cika, kuma alhakin yana kan wanda ya yanke ya tura. Saurin yaɗuwar irin wannan saƙo ba sabon abu ba ne: a Agustan 2014 jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola ta zagaya Najeriya cikin dare ɗaya, har wasu suka kwanta asibiti.

Ga iyaye da malamai, shekarun yaro suna da muhimmanci, domin ƙaramin yaro bai gama raba abin da aka koya masa a Islamiyya game da aljanu da abin da marubuci ya ƙaga ba, kuma wannan rabewa aikin babba ne. Ga ɗalibin sakandare kuwa, tambayar jigo da sunayen taurari ba ta isa ba. Malamin da ya tambayi aji dalilin da ya sa mutanen garin nan suka zaɓi jinjirin wata a kan harafi, ko wa ya shaida abin da Alhaji Imam ya ce ya yi, ya koyar da abin da zai yi amfani a kasuwa da lokacin zaɓe.

Marubuta su ma yanayin kasuwa yana matsa musu. Labarin da ake sayarwa kashi-kashi yana buƙatar mai karatu ya dawo gobe, hanya mafi sauƙi kuma ita ce tauraron da ba ya kuskure, maƙiyansa kuwa baƙaƙe ƙirin tun daga shafin farko. A irin wannan zubi ƙarya takan zama aikin mugu kaɗai, mai karatu ya gane ta tun daga nesa, yaudarar kai kuma ta ɓace gaba ɗaya, tun da ba a yarda jarumi ya ruɗe ba. Marubucin da ya bar jaruminsa ya gaskata abin da ba haka ba, yana da hujjar da mai karatu zai iya yarda da ita na ɗan lokaci, zai fi shan wahalar tsara labarin, kuma yana iya rasa masu son a yi ta sara da suka a kowane shafi.